Siririn Rufin Da Ke Sa Gilashin Waya Ya Ji Taɓin Yatsa

Daga Wakilinmu

Sanin kowa ne gilashi ba ya ɗaukar lantarki. To, ta yaya fuskar wayar hannu ke gane inda yatsa ya taɓa? Asirin yana cikin wani siririn rufi da masana'antu ke shimfiɗawa a kan gilashin, wanda kaurinsa bai kai ɗaya bisa ɗari na silin gashi ba.

Ana haɗa rufin ne da ƙarafa biyu waɗanda suka gauraya da iskar oksijin, watau indiyam mai kimanin kashi 90 cikin 100, da kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙa a Jos, mai kashi 10. Amfaninsa shi ne yana barin haske ya ratsa, kuma lantarki na bi ta cikinsa.

Da farko akan wanke gilashin tas, domin ƙura ɗaya tana iya ɓata aikin. Daga nan sai a sa shi cikin tukunyar ƙarfe, a zuƙe iskar ciki, a saki iskar argon kaɗan, a kunna lantarki mai ƙarfi. Ƙwayoyin argon sai su riƙa dukan faifan sinadarin, ɓurɓushinsa na tashi yana sauka a kan gilashin kamar raɓa. Wani masani ɗan Birtaniya, William Grove, shi ya lura da wannan al'amari a 1852.

Bayan haka akan zana layuka da haske, a cinye sauran rufin da asid. Waɗannan layuka su ke jin canjin lantarki idan yatsa ya kusanto. Dole ne a auna kaurin daidai: in ya yi yawa haske ya dushe, in ya yi kaɗan lantarki ya ƙi gudu sosai.

Sai dai akwai abin dubawa. Indiyam, wanda aka gano a Jamus a 1863, akan tsamo shi ne galibi wajen tace ƙarfen zinki, kuma ƙasar Sin ke tace fiye da rabin na duniya. A watan Fabrairun 2025 ta ƙaƙaba sharuɗɗa kan fitar da wasu kayayyakinsa zuwa waje. Saboda haka masana suka duƙufa wajen neman madadinsa da tsamo shi daga tsofaffin na'urori.

Wannan fage ne da ya kamata ɗalibanmu na kimiyya su sa wa ido, domin riba mai tsoka tana hannun mai sarrafa ma'adini, ba mai haƙa shi ba.