Dalar Damagaram da dalar Amurka, kakansu ɗaya

Baƙon da ya taso daga Kano ya shiga kasuwar Dole ta Zinder, idan mai tumatir ta ce masa kashi ashirin ne, kada ya laluba aljihu yana neman sefa 20. Sefa 100 take nufi. Mai ɗaukarsa a babur ya ce ɗari, to sefa 500 ke nan. Daga Birni zuwa Zango, har ƙauyukan Mirriya da Zermu, da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce, wato sefa biyar. An saba da ita har ba a faɗin sunanta, lambar kawai ake kira. In lissafi ya kai dala 200 sai a ce jika, wato sefa 1,000.

Sunan nan ba a ƙasar Hausa aka raɗa shi ba. A wani kwari na Bohemiya, cikin Jamhuriyar Cek ta yanzu, aka haƙo azurfa mai yawa a 1516, aka kafa gari mai suna Joachimsthal. Tal a Jamusanci kwari ne. Wajen 1520 aka fara buga manyan kwabbai da azurfar wurin, ana kiransu da sunan garin. Sunan ya yi wa 'yan kasuwa tsawo, suka yanke shi ya koma tala. Mutanen Holan suka ce dalda, Ingilishi suka ce dola, suka kuma yafa sunan ga babban kwabon azurfa na Sifaniya. Da Amurka ta kafa dokar buga kuɗinta a 1792, sunan da ta tarar a bakin mutanenta shi ta ɗauka. Kalmar da duniya ke auna arziki da ita yau, asalinta ba ta wuce “ɗan kwari” ba.

Wanda ya fi shahara a jikokin wannan kwabo shi ne mai hoton Mariya Taresa, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar a jiki, domin fatake ba sa karɓar wanda ya saɓa da wanda idonsu ya sani. Nauyinsa giram 28, kashi biyar cikin shida azurfa zalla. Ayarin raƙuma ya ƙetaro da shi Sahara daga Tarabulus. Larabawa na ce masa riyal, Hausawa suka ce liyari, mata kuma suka mai da shi abin wuya.

Cinikin yau da kullum dai da wuri ake yi, waɗanda ake kawowa daga tsibiran Maldif; kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Bature Heinrich Barth, wanda ya sauka Zinder a Disamban 1852, ya tarar a Kano ana canza kwabon azurfa ɗaya da wuri 2,500. A nan amfaninsa ya fito: dukiyar da sai jaki ya ɗauka, attajiri ya ƙulle ta a bakin zani.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, suka zo da kuɗinsu, suka ce da shi za a biya haraji. A ciki akwai kwabon azurfa na faran biyar, mai giram 25, kusan girman liyari. Shi sunan dala ya bi. A Najeriya, ƙarƙashin Ingilishi, sule biyu aka kira dala. Mutanen Mali da Senegal ma da biyar-biyar suke ƙirga, sai dai su sunan dirhamin Larabawa suka ara.

Daga nan azurfar ta janye, sunan ya zauna. An ƙirƙiro sefa a Disamban 1945. A Janairun 1994 aka karya darajarta da rabi dare ɗaya, faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Yanzu tana ɗaure da yuro a kan 655.957. Ni dai ban ga laifin wannan ƙirga ba, ko da masu boko na ganinta wahala: mai awara da ba ta taɓa shiga aji ba tana raba farashi gida biyar a ka, kafin ɗan makaranta ya ciro wayarsa. Ƙaramin kwabon dala ɗaya kuwa da wuya ka gan shi a hannun mai ciniki, kuma sai ka tara fiye da ɗari kafin ɗan canji ya miƙo maka dalar Amurka guda.