Na'urar Sikanin da Ciwon Kwatangwalon Masu Gudu

A Ɗambatta da ƙauyukan da ke kewaye da ita an fi sanin na'urar sikanin da awon ciki, kuma a wannan fanni ne ta yi suna tun bayan da likita Ian Donald na birnin Gilasgo ya wallafa bincikensa a 1958. Sai dai tana da wani amfani da ya shafi samarin da ke gudun asuba a gefen titin Kano zuwa Daura, musamman masu shirin neman aikin soja ko na ɗan sanda, waɗanda sukan ƙara nisan gudunsu farat ɗaya a kan kwalta har kwatangwalo ya soma ciwo.

Na'urar tana aiki ne da sautin da kunnen ɗan Adam ba ya ji, domin kunne ba ya kama kaɗawar da ta wuce 20,000 a daƙiƙa, alhali wadda ake duba tsoka da ita takan kai miliyan 5 zuwa 15. Ma'aikaci yakan shafa wani mai mai santsi a fata don kada iska ta tare sautin, sannan ya ɗora kan na'urar, wanda ke tura sautin cikin jiki ya kuma karɓi amsa-kuwwar da ke dawowa, kwamfuta ta mayar da ita hoto. Lanƙwasasshen kai da ake awon ciki da shi yana kai wa can ciki amma hotonsa bai cika fita tas ba, shi kuwa miƙaƙƙen kai shi ya fi nuna abin da ke kusa da fata dalla-dalla.

Da na'urar ake ganin yagewar tsoka a matsematsi, da taruwar ruwa a cikin gaɓa, da lalacewar agara, wato farar jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, wadda idan ta taɓu a gefen kwatangwalo takan hana mutum kwanciya ta wannan ɓarin. Babbar fa'idar na'urar ita ce ana iya dubawa majinyaci yana motsi, ta yadda idan ya ce yana jin ƙas duk lokacin da ya miƙe ƙafa, sai a sa shi ya lanƙwasa ta ya miƙe, a ga agarar tana zillewa a kan ƙashi, a kuma gwada da ƙafar da ke lafiya. Wannan duka ya dogara ga ƙwarewar mai dubawa, kuma wanda ya goge a awon ciki ba lallai ne ya iya karanta kwatangwalo ba.

Abin da ya fi cancantar a kula da shi shi ne iyakar na'urar, domin sauti ba ya ratsa ƙashi. Mafi haɗarin raunin mai gudu shi ne tsagewar wuyan ƙashin cinya, sirantaccen wurin da ke ƙarƙashin kan ƙashin da ke shiga kwarmin ƙugu, kuma ko hoton ƙashi na yau da kullum yakan kasa nuna ta a makonni biyu zuwa uku na farko. Haka nan mutuwar kan ƙashin saboda yankewar jini, wadda ta yawaita ga masu ciwon sikila, ba ta bayyana a sikanin tun tana sabuwa. Abin takaici ne matashi ya karɓi takardar da ta ce ba a ga komai ba, ya tafi a ja masa ƙafa da sunan gyaran targaɗe ko ya koma gudu, tsagewar ta zama cikakkiyar karaya da sai an yi mata tiyata. Saboda haka, wanda ciwon matsematsi ke tsananta masa idan ya taka, ko ya kasa tsalle da ƙafar, ko ciwon ya tashe shi cikin dare, ya kamata ya daina ɗora mata nauyi, ya riƙe sandunan dogarawa, a tura shi Kano, inda likitocin Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, za su duba ko yana buƙatar hoton MRI, mai amfani da maganaɗisu wajen nuna cikin ƙashi.