Jiragen feshin fara a Tasawa da Mayahi: haɗarin da ke ɓoye a tankin mai

Duk shekarar da fara ta afka wa gonakin hatsi a gundumomin Tasawa da Mayahi na jahar Maradi, manoma sukan zuba ido sama suna jiran ƙaramin jirgin feshin magani. Kaɗan ne ke tunanin abin da ya fi damun matuƙinsa, wato man da ke cikin fikafikan jirgin.

Yawancin ƙananan jirage masu farfela ba kananzir ɗin manyan jirage suke sha ba. Nasu wani fetur ne na musamman mai launin shuɗi da ake kira Avgas 100LL. Matatar SORAZ ta Damagaram fetur na motoci da gazuwal da iskar gas take fitarwa, don haka wannan mai daga nesa yake zuwa, galibi cikin durom. A nan matsalar take somawa. Durom ɗin da ya sha zafin rana, dare kuma ya yi masa sanyi, yakan tara raɓa a ciki, idan aka bar shi tsaye ruwan sama ya kwanta a kan murfinsa sai ya sulala. Ruwa ya fi mai nauyi, yana kwanciya a ƙasan tanki, daidai inda inji ke zuƙa. Shi ya sa kafin tashi matuƙi ke tsiyayo ɗan mai cikin kofi mai garau daga ƙarƙashin kowane fiffike, ya ɗaga shi ga haske ya duba ko akwai ɗigon ruwa ko rairayi.

Agogon mai ma ba abin dogaro ba ne sosai. Gogaggun matuƙa sukan hau fiffike su tsoma sanda mai awo, sannan su yi lissafi da lokaci: jirgi kamar Cessna 172 yana shan lita 30 zuwa 35 a awa guda. Dokar Amurka ta wajabta ragowar man minti 30 da rana, minti 45 da dare. Ga jirgin da ya bar Maradi zuwa Tasawa, tazarar da ta haura kilomita 100, wannan ragowa ba ta da yawa idan hazo ya rufe filin sauka.

Wani lokaci man yana nan, bai dai isa inji ba. A watan Oktoban 1997 mawaƙin Amurka John Denver ya mutu a gaɓar Kalifoniya yana ƙoƙarin juya makunnin sauya tanki da aka girka bayan kafaɗarsa. Shi kuwa mai feshi yana tafiya ne 'yan mitoci sama da kan gero, tsakanin itatuwan gawo. Injinsa ya yi tari sau ɗaya, daƙiƙoƙi kaɗan suka rage masa ya zaɓi gonar da zai sauka.