Dalilin Ƙayyade Gudun Mota: Amsar Tana Jikin Ɗan Adam

Dokar hanya ta Nijeriya ta yanka wa kowace irin mota iyakar gudunta. Ƙaramar motar gida ba za ta wuce kilomita 50 a awa cikin gari ba, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi na gudu. A irin waɗannan tagwayen hanyoyi, iyakar tasi da bas ita ce 90, ta tanka da tirela kuwa 60. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ce mai sa ido a kan wannan doka. Sau da yawa ɗalibai kan tambaya: tun da an ƙera mota yadda za ta iya yin 160 ko fiye, don me za a taƙaita ta? Amsar ita ce, an auna waɗannan lambobi ne da jikin mai tuƙi da jikin wanda za a iya bugewa. Bari mu duba yadda abin yake.

Daga ido zuwa ƙafa

A ce yaro ya faɗo kan titi a guje. Hotonsa zai fara sauka a kan wani tantani da ke bayan ƙwayar idon direba. Daga nan jijiyar gani ta kai saƙo sashen gani da ke ta wajen ƙeya. Sai ƙwaƙwalwa ta gane cewa yaro ne, ta yanke shawara, ta aika umarni ta cikin laka zuwa tsokar ƙafa. Sannan ne ƙafa za ta bar totur ta koma birki. Saƙon jijiya yana da sauri, domin yakan kai mita 100 a daƙiƙa, amma ganewa da yanke shawara suna cin lokaci. Ga direban da bai yi tsammanin komai ba, duk wannan aiki yakan ɗauki daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Gajiya da gyangyaɗi da maye da magana a waya suna ƙara tsawonsa.

A cikin wannan daƙiƙa mota ba ta rage komai ba. Mai gudun kilomita 50 ta ci mita 14, mai gudun 100 ta ci mita 28, alhali ko birki ba a taɓa ba. Gwanintar direba ba ta kawar da wannan jinkiri, domin haka halittar jijiyoyinmu take.

Lissafin birki

Bayan an taka birki kuma, sai wata ƙa'ida ta shigo. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin motsin mota yakan ninka sau huɗu, haka ma nisan da za ta ja kafin ta tsaya. A kan busasshiyar kwalta, da tayoyi masu kyau, mai gudun 50 tana buƙatar kimanin mita 14, mai gudun 100 kuwa kimanin mita 55. In muka haɗa da daƙiƙar nan ta farko, ta farkon za ta tsaya bayan mita 28, ta biyun bayan mita 83, wato kusan tsawon filin ƙwallo.

Ga wani misali da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. Motoci biyu suna tafe kafaɗa da kafaɗa, ɗaya tana 50, ɗaya tana 60, sai yaron nan ya fito mita 28 a gabansu. Ta farko za ta tsaya dab da shi. Ta biyu za ta iso shi tana gudun kilomita 40 a awa. Ƙarin kilomita 10 da direba yake rainawa shi ne ya raba tsira da mummunan rauni.

Abin da jiki yake iya ɗauka

Usain Bolt, lokacin da ya kafa tarihin gudun mita 100 a 2009, bai wuce kimanin kilomita 44 a awa ba, yawancinmu kuwa ko kusa ba mu kai haka. Ƙashi da naman jikinmu sun dace ne da faɗuwar mai gudun ƙafa. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato bene mai hawa uku. A gudun 100, tsayin ya kusa mita 40.

A karon mota ana yin karo uku ne a jere. Mota ta bugi abu ta tsaya, jikin mutum ya bugi sitiyari ko gilashi, sannan kayan ciki su bugi ƙashin da ya kewaye su. Ƙwaƙwalwa takan bugi ƙoƙon kai, hanta da saifa kan tsage. Saboda haka mutum kan fito daga mota ba rauni a fili, alhali jini yana zuba a cikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Wannan ya sa taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm, babban birnin Suwidin, a 2020 ya nemi a mayar da iyakar gudu kilomita 30 a wuraren da motoci suke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa, kamar bakin makaranta da kasuwa.

A kuma lura, lambar da ke kan allo iyaka ce ta lokacin da komai yake daidai. Da damina, ko cikin hazo, ko da dare, wajibi ne a yi ƙasa da ita.

Aikin aji

Malami yana iya nuna wa ɗalibai wannan jinkiri da rula kawai. Ɗalibi ya riƙe ta a tsaye, wani ya buɗe yatsunsa a ƙasanta, a sake ta ba zato, shi kuma ya cafe. Yawanci sai ta zame kimanin santimita 20, wato kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, ga kuma wanda ya shirya yana jira. Daga nan a fita fili a auna mita 28 da mita 83, kowa ya taka su da ƙafarsa. Wanda ya taka wannan nisa zai fahimci abin da Bahaushe yake nufi da ya ce, sannu ba ta hana zuwa.