Gem ɗin da aka binne a hamada

Da yawa cikin waɗanda suka yi ƙuruciya a Ƙofar 'Yandaka a shekarun 1990 za su tuna gem ɗin nan mai rawayan kaset, wanda aka rubuta wa wasanni dubbai a goshi, ka kunna ka tarar ba su fi goma ba, sauran duk maimaici ne. Kwaikwayon Famicom ne, injin da Nintendo ya fitar a Japan a 1983, masana'antun Taiwan da Sin suka yi ta buga irinsa da araha. Jabu ne, amma ya ci kasuwa a Katsina, alhali injuna na asali da dama sun mutu a ƙasar da aka ƙera su.

Na farkonsu, Magnavox Odyssey na 1972, ko sauti ba ya yi. A wurin dillalan kamfanin ake samunsa, har mutane suka ɗauka sai da talabijin ɗin Magnavox yake aiki. 3DO kuwa, da ya fito a 1993, dala 699 aka sa masa, iyaye suka yi masa kallon hadarin kaji.

Faɗuwar kamfanin Atari ta fi ba da mamaki, domin shi ne ke riƙe da kasuwar Amurka. Bai iya hana kowa yi wa injinsa kaset ba, don haka kowane ɗan kamfani ya shigo da nasa tarkacen. Shi kansa ya yi gaggawa: cikin mako biyar aka haɗa wasan E.T. don a riski Kirsimetin 1982. Masu saye suka riƙa mayar da shi kanti. A 1983 Atari ya yi asarar sama da dala miliyan 500, ya kwashi kaset mota-mota ya binne a juji a garin Alamogordo, cikin hamadar New Mexico. An yi shekaru ana musu kan labarin, sai a 2014 aka tona aka gani.

A ganina rashin amana ne ya kashe shi. Uban da ya biya kuɗi mai yawa aka ba shi shirme, ba ya komawa. Nintendo ya lura da haka: da ya shiga Amurka a 1985 ya sa wa injinsa makulli a ciki, ya kuma taƙaita wa kowane kamfani wasa biyar a shekara.

Mu kuwa kaset ɗinmu ma ƙarya yake shara mana, sai dai arha ta sa ba wanda ya ji ciwo. Kuma a cikin goman nan akwai Super Mario.