Laifin Mai Saye a Wuyan Mai Sayarwa: Shari'un Bindiga da Satar Fasaha a Amurka

A shekarar 2005 Amurka ta ɗauki matakai biyu da suka juya wa juna baya. A watan Yuni, alƙalan Kotun Ƙoli baki ɗaya suka ce ana iya kama kamfanin Grokster da alhakin waƙoƙi da fina-finan da jama'a ke sata ta manhajarsa, tunda shi ya kwaɗaita musu satar. A watan Oktoba kuma Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar PLCAA, wadda ta toshe yawancin ƙararrakin da ake kai masu ƙera bindiga da dillalansu kan ɓarnar da wani ya yi da makamin da suka sayar. Mai waƙa ya samu ƙofar kotu a buɗe, mahaifin da aka harbe wa ɗa ya tarar da ita a rufe, kuma har yau ban ga hujjar da ta wanke wannan bambanci ba.

Dalilin bin kamfanoni a fili yake. Tun daga 2003 kamfanonin waƙa suka yi ta maka dubban ɗaiɗaikun mutane a kotu, har da ɗalibai, suka kashe kuɗi, suka jawo wa kansu baƙin jini, satar kuma ba ta tsaya ba. Sai suka koma kan mai aljihu. A ɓangaren bindiga, biranen New Orleans da Chicago sun shigar da ƙara a 1998, suna bin sawun shari'un da suka durƙusar da kamfanonin taba, kuma tsoron haka ne ya kai masana'antar gaban majalisa neman kariya.

Shari'ar Sony da kamfanin intanet na Cox ta nuna inda abin ke iya kaiwa. A 2019 aka ci Cox tarar dala biliyan 1 saboda ya sha karɓar takardun koken satar waƙa a kan wasu masu hulɗa da shi bai yanke musu layi ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke adadin a 2024, a 2025 kuma Kotun Ƙoli ta karɓi batun. Matsalar ita ce kamfanin intanet lambar layi kawai yake gani, bai san wanda ke riƙe da waya ba. Idan yaro ɗaya ya sauke waƙa, layin gidan duka za a yanke, da uwa mai sana'a a kansa, da ƙanwa mai karatu. Haka jami'a, haka asibiti. Kamfanin da ke tsoron tarar biliyan kuwa ba zai tsaya bincike ba, yankewa zai yi.

Masu bindiga sukan ce ba a kama maƙeri don an soki wani da wuƙarsa. Gaskiya ne, muddin ƙira kaɗai ya yi. Amma mai ƙera bindiga shi ke zaɓen dillalansa, shi ke tsara tallarsa. A nan iyalan Sandy Hook suka samu kafa, bayan kisan yara 20 da manya 6 a makarantar firamare a 2012. Sun nuna yadda ake tallar bindigar Bushmaster, wadda aka yi kisan da ita, a matsayin shaidar cikar namiji, suka ce hakan ya saɓa wa dokar kasuwanci ta jihar Connecticut. A 2022 aka sasanta kan dala miliyan 73, kuma kamfanonin inshorar Remington, mai ƙera bindigar, ne suka biya. A ganina ma'aunin da ya kama Grokster ke nan: abin da kamfani ya yi da hannunsa don jawo mai ɓarna.

Gwamnatin Mekziko ta nemi dala biliyan 10 daga Smith & Wesson da wasu kamfanoni kan makaman da ke tsallaka iyaka zuwa hannun masu safarar ƙwaya. A Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar baki ɗaya, tana cewa sanin wasu dillalai na sayar wa miyagu bai kai taimaka musu ba. Tun kafin haka fafutukar ta koma majalisun jihohi, inda New York tun 2021 ta yi dokar da ke ba da damar kai masana'antar ƙara idan ta kasa sa ido a kan yadda ake sayar da kayanta.