Tukunyar Dalma da Langa a Jikin Mota

Duk matar da ta san ɗakin girki ba ta yi wa tukunyar dalma da langa wanki iri ɗaya. Tukunya idan ta yi baƙi, toka da soson ƙarfe ake sa mata a dirje ta fito fes, domin abin da ke samanta shi ne a cikinta. Langa kuwa lallaɓa ta ake yi da sabulu da soso mai taushi, saboda ƙyallinta shafe ne a kan ƙarfe. Ranar da ya ɓantare, baƙin tabo ya zauna ke nan, tsatsa ta biyo baya. Fentin mota ma haka ya kasu biyu, sai dai masu mota da yawa a nan Barnawa ba su san wanne ke jikin tasu ba, balle yaran da ke yi musu wanki.

Na farko shi ne mai shafi ɗaya, inda launi da ƙyalli suke haɗe a gwangwani guda. Irinsa ne a jikin tsofaffin Peugeot 504 masu launi ɗaya, waɗanda kamfanin PAN ya haɗa a Kakuri, maƙwabtanmu, inda ya fara aiki a 1975. Rana tana cin wannan fenti kai tsaye, ya dusashe, har ka shafa tafin hannunka a bonet ka ga gari. Ja ya fi kowanne saurin koɗewa. To amma shi ne tukunyar dalma: in mai goge mota ya sa man gogewa ya bi a hankali, mataccen saman ya tafi, launi mai rai ya fito daga ƙasa. Kowace guga tana rage kaurinsa, musamman a gefen ƙofa da kan lanƙwasa, duk da haka yana da haƙuri.

Tun daga shekarun 1980 kamfanonin mota suka koma mai shafi biyu: launi a ƙasa, shi kaɗai ba ya ƙyalli, sai a fesa masa kiliya a sama, garau kamar ruwa, ita ke tare hasken rana. Kusan duk motar Kwatano da ke bin titunan Barnawa zuwa Narayi irinsa ne da ita. Ya fi daɗewa da sheƙi, ba musu. Amma kiliyar kamfani kimanin maikiron 40 zuwa 50 ce, ba ta kai kaurin fallen takarda ba. Dubi rufin tsohuwar Corolla ko Accord da ta sha rana a waje: za ka ga wani farin dabbare-dabbare, gefensa yana ɗagowa yana barewa. Wannan langa ce ta ɓantare. Babu man da zai mayar da ita, kuma duk wanda ya ce maka, "Alhaji, kawo in goge maka ya koma sabo," kuɗinka kawai zai ci. Magani sai a bi wurin da samfefa a sake feshi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne safiyar hunturu. Ƙura ta kwana a kan mota, maigadi ko ɗan gida ya fito da busasshen tsumma, da kyakkyawar niyya, ya hau gogewa yana zagaya hannu. Ƙurar nan yashi ne mai laushi, kuma tsumman yana jan ta a kan kiliya. Da rana ta take, tsaya gefen baƙar mota ka duba: zane-zane ne sirara a zagaye, birjik. Irin wannan hidima ta fi zaman ƙura ɓarna. In babu ruwa, gara a bar motar da ƙurarta. In akwai, a fara kwarara shi ya tafi da yashin kafin hannu ya taɓa, a fara daga rufi, tayoyi su zo ƙarshe da nasu soso daban. Garin sabulun wankin kaya yana wanke man kariyar da ake shafa wa fenti, saboda haka a nemi na mota. Inuwar mangwaro da darbejiya tana da daɗin ajiye mota, amma kashin tsuntsu da ya bushe a kan zafaffen bonet yana cin kiliya ya bar shaida, sai a jiƙa shi a ɗauke tun da wuri.

Gane irin fentinka ba shi da wuya. Samu farin ƙyalle (ko baƙi, in motar fara ce), ɗiga masa ɗan man gogewa, ka murza a wuri ɓoyayye. In launin motar ya fito a ƙyallen, mai shafi ɗaya ne. In ya fito ba launi, akwai kiliya. A gwada wuri biyu ko uku, domin motar da ta taɓa shiga hannun masu gyaran jiki tana iya zuwa da ƙofa iri ɗaya, bonet wani iri.

In kuma za ka kai ta sabon fenti, ka tambayi mai aikin tun kafin a yi ciniki: "Malam, mai shafi ɗaya za ka yi mini ko da kiliya, kuma shafi nawa?" Ga motar haya da ke wuni a rana ana gogar ta a tasha, ni na fi son mai shafi ɗaya mai kyau a kan kiliya mai arha da aka tsinka da tina don ta isa, wadda kan fara barewa tun mai motar bai huce kuɗin aikin ba.